Mastodon, Bluesky ko Nostr: wanne ya dace da mai waya a Kaduna?

A shekarar 2021 mutanen Kaduna sun ga rufewa iri biyu. A farkon watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe shi ba sai 13 ga Janairun 2022, kuma a tsakanin nan duk mai son shiga sai da VPN, manhajar da ke kewaye toshewa. A ƙarshen Satumba kuma aka katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro, aka shafe kusan wata biyu a haka. Ya kamata a raba waɗannan biyun tun daga farko, domin dandalan sada zumuntar da za mu gwada a nan maganin ta farkon ne kawai. In aka kashe sabis gaba ɗaya, babu Mastodon, babu Bluesky, babu Nostr. Amma in dandali ɗaya aka toshe, ko kamfani ya rufe maka asusu ba tare da bayani ba, ko aka sayar da shi kamar yadda Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022, to a nan suke da amfani.

Abin da ya haɗa su ukun shi ne babu mai gida guda. Mai layin MTN yana kiran mai Airtel ba tare da ya sayi layin Airtel ba, saboda kamfanonin sun yarda da ƙa'ida ɗaya ta haɗa kira. Facebook da X (tsohon Twitter) ba haka suke ba, sai ɗan gida ke magana da ɗan gida. Waɗannan ukun kowanne yana aiki da ƙa'ida a buɗe, wadda kowa zai iya gina manhaja ko kafa saba (kwamfutar da ke ajiye bayanai a intanet) a kanta. Tambayar da ke raba su ita ce: makullin asusunka a hannun wa yake, kuma me za ka rasa ranar da abu ya lalace?

Mastodon: haya a gidan wani

Eugen Rochko ne ya fito da Mastodon a Jamus a 2016, kuma yana aiki da ƙa'idar ActivityPub. Ba shafi ɗaya ba ne. Dubban sabobi ne, wato kwamfutocin da ke ajiye asusun mutane, kowace da mai kula da ita da dokokinta. Shi ya sa sunanka ke zuwa kashi biyu kamar adireshin imel: naka, sannan na sabar da ka zauna. Kana iya bin mutumin da ke wata saba, ka mayar masa da magana, ka yaɗa rubutunsa, kamar gida ɗaya kuke.

Ana rubuta haruffa 500 a yawancin sabobi, kowane adireshin shafi ana ƙirga shi haruffa 23 komai tsawonsa, hoto huɗu a rubutu ɗaya, ana ɗora murya da bidiyo, kuma ana iya gyara rubutu bayan an wallafa. Babu talla. Babu kuma na'urar da ke zaɓar maka abin da za ka gani, abin da waɗanda kake bi suka rubuta shi ke zuwa a jere bisa lokaci. Wannan ne ke korar sababbin shiga: mutum ya buɗe asusu, ya tarar da fili fetal, ya ce ai babu kowa, ya fita. Maganinsa a ranar farko ka bi mutum 50 zuwa 100, ka kuma bi maudu'ai masu alamar # kamar #Hausa, #Kaduna da #Nigeria, domin a Mastodon ana bin maudu'i kamar yadda ake bin mutum. In kana so a riƙa samun rubutunka ta hanyar bincike, sai ka kunna hakan da kanka a saitin sirri, a kashe yake zuwa.

Zaɓen saba shi ne babban aiki, kuma a nan aka fi yin kuskure. Kai ɗan haya ne. In mai gidan ya gaji da biyan kuɗi ya kashe sabar, asusunka ya tafi. In ya bar 'yan zagi da 'yan damfara suka cika gidan, sauran sabobi za su yanke hulɗa da ita baki ɗaya, kai da ba ka yi laifin komai ba ka wayi gari rabin mabiyanka ba sa ganinka. Don haka kafin ka yi rajista duba abu huɗu a shafin bayanin sabar: shekara nawa ta yi, mutum nawa ke kula da ita, daga ina kuɗin tafiyar da ita ke fitowa, kuma ko tana cikin waɗanda ke jerin joinmastodon.org. Sabobin da ke jerin nan sun ɗauki alkawarin ajiye kwafin bayanai kullum, samun aƙalla mutum na biyu mai makullin gaggawa, da ba da sanarwar wata uku kafin rufewa. Wata ukun nan shi ne abin da ya fi komai daraja, ga dalili.

Ƙaura tana yiwuwa, amma sai tsohuwar sabar tana raye. Ka fara buɗe sabon asusu a inda za ka koma. A cikin sabon, ka shiga saitin asusu ka rubuta tsohon sunanka a wurin da ake nuna cewa daga can ka fito. Sai ka koma tsohon, ka sauke jerin waɗanda kake bi da waɗanda ka toshe a fayil na CSV, sannan ka danna ƙaura zuwa sabon. Mabiyanka za su biyo ka da kansu cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, jerin da ka sauke kuma ka loda shi a sabon. Masu fara danna ƙaura kafin su shaida wa sabon asusu tsohon suna su ne ke ganin abin ya ƙi. Sannan a sani: tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa bin ka, kuma sai bayan kwana 30 za ka iya sake ƙaura. Ana iya neman kwafin duk abin da ka wallafa sau ɗaya a kwana bakwai, a yi hakan lokaci-lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙungiyar da ke son sabarta ta kanta, a ce ta tsofaffin ɗalibai ko ta 'yan jarida, ta yi lissafi da kyau. Mastodon yana buƙatar manhajojin ajiye bayanai PostgreSQL da Redis, RAM gigabait 2 a ƙalla, 4 ya fi kwanciyar hankali, da hanyar aika imel, in babu ita ba wanda zai iya tabbatar da rajista. Abin da ke kashe ƙananan sabobi shi ne cikar ma'aji, saboda sabar tana kwafo hotunan duk wanda mutanenka ke bi daga ko'ina. A saita goge waɗannan kwafin duk kwana 7 da umarnin tootctl media remove. Sunan yankin (wato adireshin intanet, domain) da aka kafa sabar a kansa ba ya canzuwa, in an sauya shi an rasa kowa. Kuma kada a ajiye ta a kwamfutar ofis a Barnawa ko Malali da sunan tsimi. Wanda ya ga yadda Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024 bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ya san sabar da ke jiran wutar gari ba saba ba ce. A yi hayar ta a intanet, a tanadi katin da ke biyan dala kafin wata ya ƙare. In mutanen ba su wuce goma ba, GoToSocial, wani ƙaramin tsarin kafa saba, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, yana magana da Mastodon, kuma RAM ɗin da yake ci bai kai rabin gigabait ba.

Bluesky: sunanka naka ne, amma hanyar ta kamfani ce

Bluesky ya faro a cikin Twitter a 2019 lokacin shugabancin Jack Dorsey, Jay Graber ta karɓi ragamarsa a 2021, ya zama kamfani mai zaman kansa, ya buɗe ƙofa ga kowa a Fabrairun 2024. Da kotu ta rufe X a Brazil a ƙarshen Agustan 2024 miliyoyin mutane suka kwarara cikinsa, kuma a Janairun 2025 ya wuce asusu miliyan 30. Wanda ya saba da tsohon Twitter ba ya buƙatar koyarwa: sauke manhaja, sa imel, zaɓi suna, shi ke nan. Haruffa 300 ne, hoto huɗu, bidiyo na 'yan mintuna, kuma babu gyara bayan wallafawa, sai dai ka goge ka sake.

Abu biyu ya fi sauran da su. Na farko, kowa na iya haɗa jerin mutane har 150 wuri guda, sabon shiga ya danna sau ɗaya ya bi su duka. Wannan ita ce hanya mafi sauri ta kwaso jama'a a tare, a ce marubutan Hausa ko masu harkar kwamfuta na Kaduna da Zariya. Na biyu, ba dole sai zaɓin kamfani ba, akwai zaurukan da mutane ke ginawa masu tattaro rubutu bisa kalma ko harshe, ka liƙa wanda kake so a gaban manhajarka.

Amma abin da ya sa muke fifita shi ga ɗan jarida, malami ko mai sana'a shi ne suna. A Bluesky asusunka yana da lambar shaida ta dindindin mai farawa da did:plc, sunan da ake gani kuwa riga ce a kanta. Kamar yadda tun 2013 ake iya ɗauke lambar waya daga wani kamfani zuwa wani a Najeriya, haka ake iya ɗauke asusu zuwa wata saba da mabiya da rubuce-rubuce duka. Kuma kana iya mayar da sunan yankinka na intanet ya zama sunanka. Ka sayi yanki mai ƙarewa da .ng ko .com.ng daga dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su, ana biya da naira. A saitin Bluesky ka shiga wurin canja suna, ka zaɓi cewa kana da yankinka. Zai ba ka wani layi mai farawa da did=did:plc. Ka je shafin dillalin, wurin saitin DNS, ka ƙara sabon shigarwa irin TXT, a gurbin suna ka rubuta _atproto, a gurbin ƙima ka liƙa layin nan gaba ɗayansa. Ka jira 'yan mintuna, wani lokaci sa'o'i, ka dawo ka danna tabbatarwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta _atproto haɗe da cikakken sunan yankin, alhali yawancin dillalai suna ƙara shi da kansu, sai ya fito sau biyu, tabbatarwa ta ƙi. Na biyu shi ne mantawa da sabunta yankin a ƙarshen shekara, sai a ga sunan ya koma mara inganci. Asusun yana nan, amma in wani ya riga ka sayen yankin, sunan ya zama nasa. Gidan jarida ko makaranta na iya raba wa ma'aikata ƙananan sunaye a ƙarƙashin yankinta, kowa ya san wannan ɗan gidan ne na gaskiya. A garin da ake buɗe asusun bogi da sunan malamai da 'yan siyasa ana karɓar kuɗin mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda Bluesky ya gaza kuwa dole a faɗa. Kafa sabarka ta ajiya abu ne mai arha, RAM gigabait 1 da ma'aji gigabait 20 sun ishi mutum 20. Sai dai mafi yawan jama'a suna kan sabobin kamfanin, da manhajar kamfanin, kuma babbar na'urar da ke tattaro rubutun kowa ta nuna wa kowa ita ma yawanci tasa ake amfani da ita. Ma'ana akwai ƙofa ɗaya da gwamnati za ta iya ƙwanƙwasawa, kuma an gani a 2025 lokacin da aka ɓoye wasu asusu ga masu kallo daga Turkiyya bisa buƙatar hukumomin ƙasar. In manufarka ita ce tsira daga irin abin da ya faru a Yunin 2021, Bluesky ya fi X, amma bai kai sauran biyun ba. Sannan komai a fili yake: babu asusu mai kulle, kuma wanda ka toshe da abin da ka so duk mai bincike zai iya gani.

Nostr: makulli a aljihunka

Nostr ba shi da rajista kwata-kwata. Wani mai shirya manhaja da ake kira fiatjaf ne ya ƙirƙiro shi a 2020. Manhaja tana ƙera maka makulli biyu: na fili mai farawa da npub, shi ne sunanka, da na sirri mai farawa da nsec, shi ne hatiminka. Duk abin da ka rubuta ana buga masa hatimin a tura shi tashoshi da yawa lokaci guda, wato sabobin da ke karɓar rubutu su yaɗa shi. In tasha ɗaya ta kore ka ko aka toshe ta, saura suna nan. Babu imel, babu lambar waya, babu wanda zai iya rufe ka. A Android akwai Amethyst da Primal, a iPhone akwai Damus da Primal, kuma makulli ɗaya ke buɗe su duka.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Babu maɓallin "na manta kalmar sirri". In waya ta faɗa ruwa, ko aka fizge ta a cikin Keke a Kawo, ko mai gyara ya yi mata filashin, kuma ba ka ajiye nsec a wani wuri ba, asusun ya tafi har abada. In kuma wani ya gan shi, ya zama kai, ba yadda za a yi ka canja. Don haka a rubuta shi da biro a takarda, kofi biyu, a wurare biyu. Kada a ɗauki hotonsa, domin hotuna na hawa ma'ajin intanet da kansu, kada kuma a tura wa kai ta WhatsApp. A Android a sa manhajar Amber ta riƙe makullin, sauran manhajoji su riƙa neman sa hannu daga gare ta, a maimakon liƙa shi a duk inda aka tambaya. Gogewa ma roƙo ce kawai ake aika wa tashoshi, wadda ta ga dama ta bi.

Ana yawan tallata shi da cewa ana aika kyautar Bitcoin kai tsaye ga marubuci. Gaskiya ne, kuma tun Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya janye haramcin da ya sa wa bankuna a Fabrairun 2021 kan hulɗa da kamfanonin kirifto. Amma kada wani ya shiga da tunanin samun na cefane. Kyautar ƙanana ce, hirar da ta fi yawa a can ta Bitcoin ce da Turanci, kuma 'yan damfara suna nan birjik tunda babu mai kora.

Data, caji da sirri

Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ya zama abin dubawa na farko. Mastodon ya fi sauƙi, wayarka da saba ɗaya take magana, kuma a Tusky, manhajar Mastodon ta Android, ana iya kashe sauke hotuna gaba ɗaya sai wanda ka taɓa. Bluesky na biye, matuƙar ka kashe bidiyo mai kunna kansa a saiti. Nostr ya fi su ci, saboda wayar na haɗuwa da tashoshi da yawa tana sauke rubutu ɗaya sau da yawa, batir na zafi, data na zuba. A rage tashoshin zuwa uku ko biyar, a saita hotuna sai an samu Wi-Fi. Mai ƙaramar waya mai RAM gigabait 2 zai fi jin daɗin Tusky, ko buɗe Mastodon ta burauza kawai.

Saƙon sirri kuwa, kada a yarda da ko ɗaya a kan maganar da za ta iya jawo matsala. A Mastodon mai kula da sabarka da na sabar wanda ka aika wa suna iya karantawa, kuma in ka ambaci sunan wani a cikin saƙon, shi ma ya shigo ciki, wannan ya kunyata mutane da yawa. Na Bluesky yana kan na'urar kamfani ba a kulle ba. Tsohon tsarin Nostr yana kulle rubutun amma kowa na ganin wa ya aika wa wa da ƙarfe nawa. Magana mai nauyi a kai ta Signal, manhajar aika saƙo a kulle. A kuma tuna dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ba ta tambayar a wane dandali aka yi rubutu. Rashin mai gida ba rashin hukuma ba ne.

To wa zai ɗauki wanne?

Mai sayar da atamfa a Kasuwar Barci ko kayan waya a Kasuwar Sheikh Gumi kada ya bar WhatsApp, Facebook da TikTok saboda waɗannan. Masu saye ba su iso ba tukuna, kuma Hausar da ake rubutawa a ukun duka kaɗan ce ƙwarai. Wanda ya ce maka akasin haka talla yake yi. Abin da ya dace da shi bai wuce ya kama sunan shagonsa a Bluesky ya ajiye ba, kafin wani ya riga shi.

Ɗan jarida, malamin jami'a, ɗalibi mai neman masana a fanninsa, da duk mai son a ji shi a wajen Najeriya, Bluesky da sunan yankinsa. Ƙungiya mai son zaure nata da dokokinta, wadda ke da aƙalla mutum biyu masu iya kula da saba da kuɗin shekara a hannu, Mastodon. Wanda aikinsa ke sa a riƙa kai ƙarar asusunsa har a rufe, ya ƙara da Nostr a matsayin ƙofar baya, ya rubuta npub ɗinsa a bayanin sauran asusunsa tun yau, don mabiya su san inda za su same shi. Threads na Meta ma yana iya tura rubutu zuwa Mastodon in an kunna, amma makullin na hannun mai Facebook, don haka bai shiga wannan lissafin ba.

Ba lallai ne a riƙe asusu biyu don isa Mastodon da Bluesky ba. Akwai gada mai suna Bridgy Fed: daga Bluesky ka bi ap.brid.gy, daga Mastodon ka bi @bsky.brid.gy@bsky.brid.gy, sai rubutunka na fili ya riƙa bayyana a ɗaya ɓangaren. Rubutun Mastodon da ya wuce haruffa 300 ana datse shi a Bluesky tare da adireshin cikakkensa, don haka a sa muhimmiyar magana a farko.

Ga masu rubutu da Hausa, sunan asusu ba ya karɓar ƙ, ɗ da ɓ, amma cikin rubutu suna fita lafiya in an sa allon Hausa na Gboard. A maudu'i mai alamar # gara a zaɓi kalma marar ƙugiya, domin rabin mutane za su rubuta da ita rabi babu, hira ta rabu biyu. Kuma kafin ka danna aikawa, a Mastodon da Bluesky akwai ɗan maɓallin harshe kusa da wurin rubutu. Yawanci Turanci yake nunawa. Mayar da shi Hausa, ka sa ya zauna haka a saiti, domin da wannan alamar ce masu tace harshe da zaurukan Hausa ke tsinto rubutunka.